Ranar da Aka Kore Ni Daga Ofishin Inshora a Tamale

Tun da na dawo daga Gana ban huta ba. Wanda ya gan ni a wurin aiki sai ya ce, "Ummi, yaya Tamale?" Wanda bai gan ni ba ya bugo waya. Ƙawata Zulai kuwa tambayarta ɗaya ce, wai da gaske ne matan can suna tuƙa babur da goyo a baya. Da gaske ne, Zulai, har da buhun masara a gaba. Na gaji da maimaitawa, don haka ga labarin a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, aikina tsaron kwamfuta ne. Kamfani ya kira mu, mu duba ta ina ɓarawon intanet zai iya shigar masa, mu nuna masa ya toshe. Kawu Alasan, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa gane wannan aiki ba. Ya tafi Tamale tun yana saurayi, ya zama dillalin shanu a unguwar Sabonjida, ga nasa garken a ruga a bayan gari, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce 'yar yayarsa 'yar sandan kwamfuta ce. Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa ba ya kira na da komai sai Uwata.

Wata ranar Juma'a ya bugo, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Uwata, na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Ki zo."

Abin da ya faru shi ne, ciwo ya kashe wa makiyayan bayan gari shanu da yawa, sai Kawu ya kawo shawarar ƙungiyarsu ta shiga inshora, irin ta taimakekeniya da malamansu suka ce babu laifi. Da ƙyar ya shawo kansu. Sai ga sharaɗi: kamfani ba ya karɓar dabba sai ya san yawan garken, ya ɗauki hoton kowace saniya, ya kuma sa alamar inda rugar take a taswirar waya. Makiyayi kuwa ko ɗan'uwansa ba ya gaya wa yawan shanunsa. Kuma ba a daɗe ba da ɓarayi suka kore garken wani bawan Allah, suka zo kai tsaye kamar an yi musu jagora. Kawu ya dafa ƙirji a gaban dattawa ya ce sirrin kowa yana wuyansa. Kamfanoni uku ke zawarcinsu. In ya zaɓi wanda bayanan za su zube daga hannunsa, to ya miƙa wa ɓarayi taswirar dukiyar mutane, kuma zamansa a Sabonjida ya ƙare.

Na ce ina zuwa. Jirgi dai ba na shiga, kowa ya san wannan, ku yi dariyarku. Na bi mota.

A tasha Allah ya haɗa ni da Hajiya Talatu, 'yar kasuwa mai kai turaren wuta Gana, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi takalmina, ta ce, "Ke 'yar boko, zauna kusa da ni, kar a sayar da ke a hanya." Ban yi musu ba. Muka gangara har Cikanda, bakin iyakar Benin, kuma a nan na fara cin kunya. Aka ce kowa ya fito da katin rigakafin shawara. Nawa yana cikin jakar kwamfuta, jakar kuma direba ya ɗaure ta a saman mota, ƙarƙashin kwandunan busasshen kifi. Sai da aka sauke kayan mutane kaf, ana ta yi mini Allah ya isa da yaruka kala-kala. Katin ya fito lafiya. Jakar ce dai har yau kyanwar gidanmu ba ta rabuwa da ita.

A Jugu muka kwana, a wani masauki da Hajiya ta saba sauka. Ɗaki tsaf, bokitin ruwa a ƙofa, kalmar sirrin intanet ɗinsu kuma an rubuta ta da fenti ja a bangon waje, yadda ko mai wucewa a kan keke zai karanta. Na buɗe baki zan yi wa'azi, Hajiya ta tura mini kwanon sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cuku, wanda suke kira wagashi, ta ce in ci in yi shiru. Cukun nan ya rufe mini baki fiye da yadda ita ta iya.

A iyakar Togo wani jami'i ya ce in kunna kwamfuta, ya tambayi sana'ata da Faransanci. Ni ko gaisuwa ban iya ba. Hajiya ta karɓe da Faransancinta na kasuwa, tana nuna ni tana nuna allon, daga baya ta ce mini ta gaya masa ina kama ɓarayi a cikin akwatin nan. Mutumin ya waiga hagu da dama, ya zaro wayarsa, ya nuna mini wani saƙo da ke cewa ya ci mota, ya turo lambar sirrinsa a kawo masa. Na girgiza kai, na yi masa alamar yanka a wuya. Ya goge saƙon, ya ƙame ya sara mini, ko jakar bai ƙara taɓawa ba. Daga nan Hajiya ta daina ce mini 'yar boko, na koma Malama.

Ba wanda ya gaya mini agogon Togo da Gana yana bayan namu. A garin Kara na Togo na tashi Hajiya da asuba ina cewa mota za ta tafi ta bar mu, muka je tasha muka tarar ko mai shayi bai hura wuta ba. Abin da ta gaya mini ba zan rubuta shi ba. Muka ƙetara ta Tatale, muka bi ta Yandi, damina ta yi kyau, ko'ina doya da masara, har muka shiga Tamale da la'asar.

Ina neman Kawu a tasha sai wata mata ta taka birkin babur a gabana, da mayafi da komai, ta ce, "Kai ne Ummi? Hau, Alaji yana jiranka." Matar Kawu ce. Hausar can haka take, mace da namiji duk kai ne, ga Turanci da Dagbanci suna shiga suna fita, amma ba abin da ba za ka gane ba. Na hau na ƙanƙame ta ina salati, ita kuwa tana ba ni labarin farashin tumatir tana ratsa tsakanin kekunan haya masu ruwan ɗorawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne gaisuwa. Mu a Kano mun ɗauka mun iya gaisuwa, ashe wasa muke. A can ƙarami ya ga babba sai ya durƙusa, ko a bakin titi ne, babban yana jero tambayoyi, shi kuma yana amsa "naa, naa," ba ya tashi sai an gama. Na ga mai babur ya tsaya tsakiyar hanya ya rusuna wa tsohuwa. Kuma in dattijo ya nemi abu a wurinka bayan irin wannan gaisuwa, cewa a'a abin kunya ne babba. Gwiwoyina sun ji jiki a makon farko, amma abin ya burge ni ƙwarai. Da safe koko da ƙosai, kokon yana da yaji har ya sa ka gumi. Da rana wake da shinkafa a ganye, an zuba masa taliya da garin rogo da wani baƙin yaji mai suna shito. Da dare tuwon zafi, mai laushi kamar a sha shi, da naman zabo. Na ƙara ƙiba, ba sai kun gaya mini ba.

Kamfanonin uku, mutanen Kawu ba sa kiran su da sunansu. Akwai Mai Gilashi, mai dogon bene da sanyin na'ura. Akwai Mai Kalanda, wanda ya raba wa kowa kalanda da hula. Sai Na Saman Shago, ɗan ƙaramin ofis a kan shagon kayan babur ta wajen unguwar Nyanshegu. Dukkansu sun riga sun aika wakili rugar Kawu, sun ƙirga, sun ɗauki hoto, sun sa alama a taswira, don su yanka masa farashi a gani. Wato sirrin Kawu yana hannun ukun.

Na fara da abin da na iya. Na duba shafukansu daga waje, iyakar abin da doka ta yarda, na kuma zauna da manajojinsu na yi tambayoyi. Gaskiya Mai Gilashi ya fi kowa kayan aiki, shafinsa a kulle tsaf, na'urorinsa sababbi. Sai dai na lura ma'aikatan gaban kanta duk da kalmar sirri ɗaya suke shiga, don haka in wani ya buɗe bayanan mutum ba a san ko wane ne ba. Mai Kalanda wakilansa a wayoyinsu na kansu suke ajiye hotunan katin shaidar mutane, suna tura wa juna kamar hoton biki. Na Saman Shago shafinsa nauyi gare shi, fankarsu tana ƙara, amma kowane ma'aikaci da mabuɗinsa, sai an turo masa lamba ta waya kafin ya shiga, kuma duk wanda ya buɗe fayil sunansa yana zama. Kafin in fita na gaya wa kowane manaja cewa zan gwada su a cikin kwanakin nan, ba zan faɗi yadda ba. Duk suka amince. Na Mai Gilashi har da dariya, ya ce in kawo duk ɓarayin Najeriya.

Aka tara dattawa a rumfar ƙofar masallaci in yi bayani. Na yi, wallahi na yi, har da zane a takarda. Kafin in kai rabi mutum biyu sun yi gyangyaɗi. Shugaban makiyayan, Ardo Sambo, dogon tsoho mai sanda a kafaɗa, ya bari na gama sannan ya ce,

"Yarinya, mun gode. Amma mu mun ga mutane da idonmu. Mai Gilashi, manaja da kansa ya durƙusa ya gaishe ni. Wancan na saman shago fa? Na hau bene da tsufana, na ce wa yarinyar da ke wurin, Fusaina take ko wa, ta nuna mini bayanan Alasan in ga yadda abin yake. Ni da Alasan tun zuwansa garin nan muke tare. Ta dubi idona ta ce ba za ta iya ba. Wanda bai san girman furfura ba, ba zan ba shi amanar saniya ba."

Kowa ya ce haka ne. Aka tsayar da magana cewa ranar kasuwa mai zuwa za a je a sa hannu da Mai Gilashi. Raina ya ɓaci sosai, na kuma ji tsoro, don na ga Kawu ya sunkuyar da kai, ba zai iya ja da Ardo a gaban mutane ba.

Washegari da safe ina zaune a ƙofar gida ina cika ina batsewa, sai ga Mma Azara, tsohuwar da ke kawo nono unguwar, ta sauke ƙwaryarta. Ba ta haɗa komai da Kawu ba, nonon ma daga wata ruga take sarowa. Ina kallo wani magidanci da rigar ofis ya tsaya ya durƙusa mata, ta ce ya ɗan ara mata wayarsa ta kira jikarta, ya miƙa ba tare da ya tambayi komai ba. Sai na ji kamar an kunna fitila a kaina. Ni ina ta neman ƙofar ɓarawo a cikin na'ura, alhali a garin nan ƙofar tana tafiya da ƙafarta, da ƙwarya a ka.

Na nemi izinin Kawu, tunda shanunsa ne. Ya ce in yi. Na zaunar da Mma Azara na gaya mata abin da nake so. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Yaro na, wannan ne aikin? In je in yi gaisuwa kawai? Ai ni gaisuwa na iya shi sosai, paa."

Muka shiga keke, ni ina tsayawa nesa. A Mai Gilashi ta shiga da ƙwaryarta, ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita yayar Alaji Alasan ce daga ƙauye, an mayar da ruga saboda damina, wayarsa ba ta shiga, ga rana, ga ƙafa. Saurayin da ke bakin kanta ya ba ta kujera, ya kawo mata ruwan sanyi, ya juyo mata da allon kwamfuta. Da ta ce idonta ba ya gani, sai ya buga mata a takarda, taswira da hotuna da yawan garke, ya karanta mata, ya rako ta har bakin titi. Yaron kirki ne, har na ji tausayinsa.

A Mai Kalanda aka ce wakilin ya fita, aka kira shi a waya. Yana jin muryar tsohuwa ya ce ta ba da lamba, ta ba da tawa da na rubuta mata, nan take ya turo komai, har ya haɗo da hoton katin wani mutum daban da ba mu san shi ba.

A saman shago ta daɗe. Da ta sauko fuskarta a murtuke.

"Wannan yarinya kansa da tauri. Ya durƙusa mini, ya ba ni ruwa, ya ce Mma yi haƙuri har na gaji da ji. Na yi kuka ma. Ko kaɗan, kuraa! Ya ce sai mai shanu ya zo da kansa."

Ba ta rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Kawu ne, wai an kira shi daga wancan ofis an ce wata tsohuwa tana tambayar rugarsa, ya san ta? Na tsaya a bakin titi ina dariya ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya.

Ranar kasuwa aka taru a rumfar nan, kowa ya sha babbar riga za a tafi sa hannu. Na durƙusa a gaban Ardo, yadda na koya, na ce ina da tambaya ɗaya kafin a tashi.

"Baba Ardo, shanun Kawu nawa ne?"

Ya sha toka. "Ba a wannan tambaya, yarinya. Ban sani ba, ba kuma zan tambaya ba."

"Matarsa ta sani?"

Kawu ya ce, "Ko ita."

Na ɗaga hannu, Mma Azara ta taso daga inda take sayar da nononta. Kowa ya san ta, kowa ya san ba ta taɓa taka rugar Kawu ba. Ta yi gaisuwarta a tsanake, ta sunkuya ta raɗa wa Kawu magana a kunne. Ya san da gwajin, amma bai san amsar ba, don na ɓoye masa. Na ga hannunsa ya tafi kan hularsa, ya cire ta, ya riƙe a cinya.

"Daidai ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Har maruƙa."

Ita kuwa ta miƙe ta ce da ƙarfi, "Alaji, farin saniyanka mai karyayyen ƙaho ya rame fa. Kuma hanyan da ke bi bayan dam ya fi kusa."

Na ba Kawu takardar a ninke, da wayata, na faɗi inda aka samo kowanne da yadda aka samo. Na ce ba a fasa kwamfutar kowa ba, ba a ba kowa ko sisi ba, gaisuwa kawai aka yi. Na ce duk ɓarawon shanu yana da tsohuwa a gidansu, kuma ita ma ta iya gaisuwa. Wannan karon ba wanda ya yi gyangyaɗi.

Ardo ya gyara zama. Ya tambayi Mma Azara, "Ita waccan fa, ta saman shago?"

"Ya hana ni, Ardo. Yadda ya hana ka."

Ardo ya miƙe, ya saɓa sandarsa, ya fice daga rumfar. Muka bi shi a baya, ayari guda, wasu a babur wasu a keke, har Nyanshegu. Ya hau benen nan a hankali yana dafa bango. Fusaina, 'yar siririya da ita, tana ganin rawuna sun cika ƙofa ta miƙe, ta zagayo ta durƙusa. Ardo ya gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, tana amsa naa, naa. Sannan ya ce,

"Nuna mini na Alasan. Ga shi nan tsaye, abokina ne."

Ta ce, "Baaba, yi haƙuri. In Alaji yana so, shi zai buɗe ya nuna maka. Ni ba zan iya ba."

Tsohon nan ya fashe da dariya har sai da ya zauna. Ya goge ido da bakin rawani ya ce, "To, ɗauko abin rubutunki. Rubuta nawa."

Daga baya na koma wurin sauran manajojin biyu na gaya musu inda ɓarakarsu take, na roƙi kar a kori kowa, a koya musu dai, muka kuma goge hoton katin bawan Allahn nan a gabansu. Na Mai Gilashi bai yi dariya ba wannan karon, amma ya karɓa. Hajiya Talatu da muka haɗu a hanyar dawowa ta ba da labarin a kowace iyaka, kuma kafin mu iso gida Mma Azara ta zama tsofaffi uku a labarin, ni kuma na zama babbar jami'ar gwamnati.

Amma abin da nake tunawa kullum shi ne abin da ya biyo bayan maganar Ardo a ɗan ofishin nan. Fusaina ta zauna, ta shigar da mabuɗinta, lamba ta shigo wayarta, ta ɗago ta ce, "Baaba, shanu nawa?" Ardo ya buɗe baki, sai ya waiwayo ya ga mun cika ɗaki. Ya nuna ƙofa da sandarsa.

"Kowa waje. Alasan, har kai." Ya dube ni, ni da na ƙetaro iyaka uku da jaka mai warin kifi saboda wannan rana. "Ke ma, Malama. Ke ce ma kan gaba."

Fusaina ta taso ta rufe ƙofa a fuskata, ta murza mukulli. Muka tsaya cirko-cirko a kan matakala, rana tana dukanmu, ƙarar masu gyaran babur tana tasowa daga ƙasa. Kawu ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya ce, "Uwata, an kore mu."

Na ce, "An kore mu, Kawu." Tun da na fara aikin nan ba a taɓa yi mini abin da ya faranta mini rai kamar wannan korar ba.